Takalman Kafinta

Shekara goma sha tara Kafinta yana hawa rufin mutane, kuma bai taɓa zama ya kalli saukar ruwan sama daga tagar ɗakinsa ba. Da hadari ya haɗo, wayarsa za ta fara kuka: wannan iska ta yaye masa kwano, wancan silin na zuba masa a kan gado. Sai ya saɓa tsani, ya rataya jakar guduma da ƙusa, ya fice. Matarsa kan ce ba ta taɓa ganin mai toshe yoyon gari duka ba, alhali bokiti na ƙarƙashin nasa, sai shi.

Ya iya aiki, wannan ko maƙiyinsa ya shaida. Abin da bai iya ba shi ne zama.

'Yarsu ɗaya, bayan dogon jira aka same ta, ita ce fari ita ce Auta. Shekararta biyu da rabi. Ba ta ƙinsa, amma in ya miƙa hannu zai ɗauke ta sai ta maƙe kafaɗa ta laɓe bayan uwarta. Yakan yi dariya, amma abin na cinsa a rai. Shi ya sa da ƙaninsa mai aiki a wata ƙasa ya aiko musu da tikitin jirgi, su je su huta kwana shida a bakin teku, Kafinta ya ƙudurta ba zai dawo ba sai 'yarsa ta saba da shi.

Tun da suka sauka ake ruwa kamar da bakin ƙwarya. Teku dai sun hango shi ta gilashin mota. Suka maƙale a ɗakin masauki a hawa na uku, gadaje biyu, taga ɗaya, jiƙaƙƙun safa a bayan kujera. Auta ta zazzage jakar uwarta, ta warware takardar bayan gida kaf, ta cusa biskit a cikin butar shayi. Kafinta kuwa sai safa da marwa yake yi tsakanin ƙofa da taga.

A rana ta uku ya leƙa waje, sai ga bokiti a tsakiyar baranda, ruwa na ɗiga daga silin. Kallo ɗaya ya yi ya gane indararo ne ya toshe. Ya dawo ɗaki fuskarsa a washe.

"Minti ashirin kacal," ya ce da matarsa. "In sun ara mini tsani, shi ke nan."

"Baban Auta, jirgi muka hau don ka zo ka hau rufin wasu?"

Bai kai ga ba ta amsa ba sai ga Auta ta fito daga ƙarƙashin gado tana jan takalmansa, ɗaya a kowane hannu, tana nishi. Ta dire su a gabansa, ta nuna taga.

"Baba, ruwa. Baba, tafi."

Ta ɗaga masa hannu, ta juya ta ci gaba da wasanta.

"Haka take yi a gida," in ji matarsa. "Da ta ji ruwa a kan kwano sai ta kai maka su bakin ƙofa. Kai dai zurawa kake yi ka wuce, ba ka taɓa tambayar wa ya ajiye ba."

Kunya ta kama Kafinta. Ya zauna dirshan a ƙasa, ya tura takalman ƙarƙashin gado.

"Yau Baba ba ya zuwa ko'ina."

Auta ba ta yarda ba. Ta sake jawo su, ya mayar. Sai a karo na uku ta ƙyalƙyale da dariya. Ya haɗa mata gida tsakanin gadajen nan biyu, matasan kai ne bango, lema ce rufi, kuma ya rantse wa matarsa wannan rufin ba zai yi yoyo ba. Suka bi ɗigon ruwa da yatsa a jikin gilashi. Da la'asar ta yi barci a ƙirjinsa. Hannunsa ya sage, amma bai motsa ba. Ya yi ta gode wa Allah a zuci da bai ba su rana ba, don da an yi rana da suna can cikin taron jama'a, Auta na maƙale da uwarta.

Har suka taso ruwan bai ɗauke ba. Duk wanda ya ce masa, "Ayya, an ɓata muku hutu," sai ya ce, "Alhamdulillahi."

Har gobe Kafinta na hawa rufi, don da shi ake ci. Amma ruwan farko da aka yi bayan dawowarsu, wayarsa na fara kuka Auta ta ruga ta kawo masa takalmansa. Sai ta koma ciki da gudu, ta fito da nata ƙanana, ta jera su kusa da nasa, ta tsaya tana jira.

Kafinta ya ɗaga wayar.

"Ranka ya daɗe, a sa bokiti. Gobe da sassafe ina nan tafe."

Ya durƙusa ya sa mata takalmanta, sannan ya ɗauko lema.