Tayar Baya ta Motar Baba

Ranar wata Laraba ce cikin kaka, shekarar da na shiga aji huɗu na firamare a garinmu Dudunni. Na dawo makaranta da azahar, na wanke kwanoni, na zuba wa awaki harawa, sannan na fice ƙofar gida inda ƙawayena ke 'yar gala-gala a inuwar darbejiya. A nan akori-kurar Baba take fake, don ranar bai fita lodi ba, yana gona ana yankan gero. Da muka gaji da tsalle sai na durƙusa gindin tayar baya ta wajen katanga, na kwance murfin bawul, bakin da ake buga iska, na danna da tsinken tsintsiya. Iska ta feso da sanyi da warin roba, muka riƙa kara kunci ɗaya bayan ɗaya muna dariya. Ban san sau nawa muka zagayo ba. Da na ga tayar ta ɗan baje a ƙasa, na mayar da murfin na shige gida kamar ba ni ba.

Baba kuwa mutum ne da ba ya wasa da taya. Kullum da safe, kafin rana ta taɓa motar, sai ya bi ƙafafun nan huɗu da wani ɗan gejin auna iska mai kama da biro, ya zaƙulo tsakuwar da ta maƙale, in iska ta ragu ya jawo famfon ƙafa daga bayan kujera. Yakan ce, "Taya da sanyinta ake auna ta, in ta sha kwalta ƙarya za ta yi maka." Mu yaran gida mun hau bayan motar, mun ɓuya a ƙarƙashinta, bai hana ba. Taya kaɗai ya ce kada wanda ya taɓa.

Bayan la'asar sai ga Baba a guje, saɓe da ƙanena Habu, ɗan shekara shida. Kububuwa ce ta sare shi a ƙafa yana jan dami. Inna tana jego, kwananta tara da haihuwa, ba halin ta fita, sai kuka take daga bakin zaure. Baba ya ce in shiga gaba in riƙe yaron, Kankiya za mu. Na tsaya ina jiran ya zagaya motar kamar kullum, ya gani da idonsa ya hutar da ni. Bai zagaya ba. Ya tayar da mota muka tafi.

A kan burji bayan motar ya riƙa karkacewa, Baba ya ɗauka yashi ne. Habu yana kwance a cinyata, gumi na keto masa, ƙafar sai ƙara kumbura take. Sau uku ina buɗe baki, sau uku tsoro na hana ni faɗa. Da muka hau kwalta Baba ya taka mota, sai ta fara lilo, sitiyari na ƙwacewa daga hannunsa. Ya yi salati ya gangara gefe. Na leƙo na ga ya taɓa tayar ya janye hannu da sauri saboda zafi. Ya ce ƙusa muka taka, ga safaya tun jiya tana wurin mai faci a Kusada, kuma taya mai huji ko an buga mata iska ba za ta riƙe ba. Ya duba gabas ya duba yamma, ba mota ba babur, sai shanu can nesa cikin karan dawa. Ya buɗe ƙofa zai saɓi Habu ya kama hanya da ƙafa.

A nan na ce, "Baba, ba ƙusa ba ce. Ni na sace iskar da tsinke."

Ya tsaya da hannunsa a kafaɗar Habu. "Mi kika ce?"

Na maimaita. Na runtse ido ina jiran mari. Sai na ji ya tambaya ko ita kaɗai na taɓa, na ce ita kaɗai. Ya ce, "Alhamdulillahi. Miƙo famfo."

Ban taɓa ganin mutum ya taka famfo irin na ranar ba. Rawaninsa ya warware ya faɗi, bai waiwaya ba. Ni kuwa ina kiran sunan Habu don kada ya yi shiru, yana amsawa da ƙyar. Baba ya kara geji, ya ƙara bugawa, ya shafa miyau a bakin bawul ya zuba ido. Bai yi kumfa ba. Muka tashi, bai ƙara gudu irin na farko ba, don tayar ta riga ta sha wuya, a haka har muka shiga Kankiya.

Kwana biyar Habu ya yi a asibiti, ya tashi. Ran da muka dawo na zauna jiran hukunci, na ji Inna tana tambayar abin da ya tsayar da mu a hanya, don wani makiyayi ya ba da labarin ya hango mu. Baba ya ce iskar taya ce ta yi ƙasa, ya ƙara. Daga nan bai ƙara komai ba.

Yanzu ina koyarwa a Kankiya, ina da 'yar motata. In iska ta ragu wata fitila ce ke kamawa a gabana, in tsaya wurin mai faci ya kunna inji, kafin in gama amsa waya an gama. Habu ya zama magidanci, tabon ma sai ya nuna maka za ka gane. Inna ta tsufa, har gobe in ta tashi ba jikoki labarin ranar, cewa take Allah ne ya sa tayar ba ta fashe ba, ni kuma in sunkuyar da kai in ce haka ne. Shekara bakwai ke nan da rasuwar Baba. Ya tafi da maganar nan a cikinsa, ni kuma ban taɓa yi masa godiya ba.