Furen da Baba Yake Gani

A bakin mayafi na ƙullo irin furen daga garin Yana, ranar da muka je sunan ɗiyar ƙawata. A jikin dangarsu na ga furen, shuɗi kamar yanzu aka tsamo shi daga marina, bakinsa a buɗe irin na mazurari. Na ɗauka duman kada ne, wanda ke shimfiɗe a bakin kududdufi, amma wancan a ƙasa yake rarrafe, wannan kuwa sama yake nema. Surukar ƙawata ta murtsuke mini busassun 'ya'yan a tafin hannu, baƙaƙe ƙanana.

"Yaryaɗi ne, 'yar nan," in ji ta. "Ki kai, amma fa ba ya jin bari."

Ni da kunnen ƙashi, dariya na yi.

A gidanmu na Azare, a lokacin daga ni sai Baba. Inna ta shekara biyu da rasuwa, abin da ta bari mai rai a tsakar gidan shi ne bishiyar lallenta, wadda ta dasa da hannunta kusa da rijiya. Duk jajibirin salla matan unguwa sukan shigo su tsinka, suna yi mata addu'a. A gindin lallen nan na binne irin, don wurin ne ke da laima.

Ruwa uku aka yi, sai ga ganye mai kama da na dankali. Kafin wata ya zagayo ya naɗe reshen farko. Ranar da ya fara fure, Baba na zaune a kan buzunsa da hantsi. Yanar ido ta daɗe da rufe masa gani, mutum ma sai ya yi magana yake gane shi. Sai na ji ya ce, "Uwata, mene ne can shuɗi?"

Kwanon kokon da ke hannuna saura kaɗan ya faɗi. Rabon da ya ce ya ga wani abu har na manta.

Daminar nan kamar a mafarki na yi ta. In ya dawo daga masallaci sai in shimfiɗa masa buzu yana fuskantar rijiya. Furannin su warware ɗaya bayan ɗaya, raɓa na sheƙi a kansu, shi kuma yana ƙirgawa a hankali, yana ɓatawa, yana sakewa. Kafin azahar duk sun tsuke sun langaɓe, sai ya ce, "To, sun tafi gida," ya miƙo hannu in tashe shi. Na yi farin ciki irin wanda ban yi ba tun rasuwar Inna.

Ina sane da abin da ke faruwa a ƙarƙashi, na dai kau da kai. Sai da wata maƙwabciyarmu ta zo tsinkar lalle, ta cusa hannu cikin yaryaɗin, ta fito da reshe a bushe ƙayau. Ta dube ni, ta miƙo mini shi. Haushin kaina ya kama ni, na kwana biyu ina juya maganar kafin na faɗa wa Baba.

Ya ce in kai shi. Ya lalubi igiyar yaryaɗin inda ta shaƙe reshe, ya bi ta da yatsa har ƙasa.

"Kawo lauje," ya ce. "Daga gindi za ki yanke. Kada ki ja, za ki karya mata rassa. Bar shi ya bushe a kai."

Na yanke ina kuka. Washegari ya zauna a kan buzun kamar kullum, fuskarsa wajen rijiya, har rana ta take.

Da damina ta dawo, yaryaɗi ya tsiro ko'ina, har cikin madafa. Na bi shi ina tugewa, na bar guda ɗaya tal a ƙofar ɗakin Baba, na ɗaura masa igiya zuwa indararo. Ran da ya buɗe na ruga da gudu kamar yarinya.

"Baba, ga shi nan dab da kai, ka gani?"

Ya buɗe idanun sosai, ya daɗe, sannan ya girgiza kai. Iska ta taso daga wajen rijiya. Ya juya fuska can, ya ja numfashi.

"Bar shi, Uwata," ya ce. "Lallen innarki ya yi fure. Ina jin ƙamshinsa."