Malam Nu'uman da Zauren Maleshiya

Malam Nu'uman na Ƙofar Kwaya ya shekara talatin yana jera fayil a wata ma'aikatar gwamnati a Katsina. Ya yi ritaya shekara biyar bayan sojoji sun koma bariki, ko kunna kwamfuta bai iya ba.

'Yarsa Fadila ce sanadin zuwansa shagon intanet. Mijinta ya tafi karatu Maleshiya, ita kuma sau biyu ana hana ta bizar bin sa, ba a faɗi dalili ba. Abbas mai shagon ya buɗe masa wani dandali inda masu neman fita waje ke tambayar juna. Kowace ƙasa da zaurenta, ga na Ingila, ga na Kanada, ga na Sudan, a cikin kowanne kuma an ware ɓangaren ɗalibai da na ma'aikata da na iyali.

Da yatsa ɗaya ya buga tambayarsa, ya sa ta a zauren Ingila don ya ga ya fi jama'a. Washegari ya neme ta ya rasa.

"Sun share mini," in ji shi.

Abbas ya duba ya ce, "A'a Baba, mai kula da wurin ne ya mayar da ita zauren Maleshiya, ɓangaren iyali."

Malam ya ce, "Ashe sun san aiki."

A can wata mata 'yar Gana ta amsa masa cewa ita ma haka aka yi mata, sai da ta fassara takardar aure, aka buga mata hatimi. Suka bi shawararta. Kafin azumi Fadila ta tafi.

Shi kuwa bai daina zuwa shagon ba. Mutanen unguwa suka fara tare shi bayan la'asar, wannan ɗansa zai tafi Masar, wancan ƙanensa Indiya. Kafin ka kai ƙarshen bayani zai ce, "Wace ƙasa tukuna?" Abin da bai gani a zauren ƙasar ba, ba ya faɗa, ko da za ka ji haushi.

Daga baya masu dandalin suka ba shi kula da zauren Maleshiya. Shekara takwas yana kwashe tambayoyin da suka ɓata hanya yana kai su inda suka dace, alhali shi bai taɓa wuce Kaduna ba. Da idonsa ya yi rauni, ya rubuta musu sallama, ya miƙa aikin ga wani ɗalibi ɗan unguwar Kambarawa mai suna Usman.