Watan da Inna ta kife ƙwaryar lalle

Shekara tara ke nan da muka kai Inna makwancinta a nan Daura, amma har yau in na ji ƙamshin lalle sai na waiga.

Ƙunshi ne sana'ar mahaifiyata. Duk amaryar unguwarmu ta hannunta ta bi, shi ya sa yatsunta kullum a rine suke. Ba ta yi boko ba, amma ta riski zamanin da maza ke fita jefa ƙuri'a, mata na tsakar gida suna jiran labari. Ranar da aka ce mata ma su fito, ita ce ta uku a layi, da ƙanena a goye. Soja suka zo suka tafi, suka sake dawowa. Duk sanda aka ajiye akwati, Inna na wurin.

Zaɓenta na ƙarshe shi ne wanda aka zo da na'urar tantance yatsa. Magana ta bazu cewa ba ta karɓar yatsa mai lalle. Shi ke nan Inna ta kife ƙwaryarta wata guda cur. Biki uku ta mayar, har da na jikar aminiyarta, aminiyar kuwa ta yi fushi ta ɗauke mata ƙafa. Ranar zaɓe ni na kai ta a babur. Sau huɗu na'urar ta ƙi ta, don aiki da tsufa sun shafe zanen yatsan.

"Iya, ki je gida ki huta," in ji malamin zaɓe.

"Ɗan nan, tun ubanka na wasan ƙasa nake shiga layin nan. Ƙarfe ba zai kore ni ba."

Ta murza lemon tsami a yatsa, ta zauna gindin darbejiya. Sai bayan la'asar na'urar ta karɓe ta.

To, me Inna za ta ce yau? Ƙuri'ar da ta ɓata da aminiya dominta, yanzu da ƙullin taliya da sabulu ake musayarta, kuma ba na zargin mai karɓa, yunwa ba kanwar lasa ba ce. Wanda muka zaɓa da safe, kafin azahar ya canza hula ya koma jam'iyyar da ya zaga. Samari a majalisa suna nuna tsallaken iyakar Kongolam, inda soja ke mulki, wai gara soja. Ba su san gudun gara ake yi a faɗa gidan zago ba. Ni na sani, amma wallahi na gaji da faɗa.

Bari in tona wa kaina asiri: zaɓen da ya wuce ban fita ba. Ina kishingiɗe a zaure, 'yata Ummi, takwarar Inna, ta zo wucewa. A makon aka yi bikin babbar ƙawarta, amma hannunta fes, ko ɗigon lalle babu.

Na ce, "Ke, ai na'urar yanzu har fuska take dubawa."

"Na sani, Baba. Ina naka katin?"

Ban san inda na jefa shi ba. Ta tafi ita kaɗai, a ƙafa.

Inna ba ta bar mana gida ko gona ba, wanda ta zaɓa ma bai gyara ko kwatar unguwarmu ba. Taurin kan nan kawai ta bari, shi ma tsallake ni ya yi. Jiya na tsinci katin a ƙarƙashin katifa. Ban yi alkawarin komai ba, na dai mayar da shi aljihun gaba.

Allah ya kai haske kabarinki, Inna.