Rabin Da Kogi Ya Tafi Da Shi

Wata rana Tanimu Ɗan Kwalisa ya rantse sai ya maka garin nan kaf a kotu.

Da masu aski, da 'yan adaidaita, da masu kiɗan biki, har da tsohuwar da ke suyar ƙosai a bakin tasha.

Laifinsu? Waƙa.

Waƙa ɗaya tak suke gana masa azaba da ita, shekara goma sha bakwai cur.

Ya shiga shagon aski a gyara masa saje, sajen da ko gwamna ya gani sai ya ƙyasa, ita ce ke tashi. Ya hau adaidaita da shaddarsa tana ɗaukar ido, ita ce. Ya je asibiti a auna masa jini, wayar ma'aikaciyar ta yi ƙara, ita ce dai. Nan take jinin ya hau, wai sai aka ce ya rage gishiri.

Gishirin me? Zalunci ne tsagwaronsa ake yi wa bawan Allah.

Kun san waƙar. Ku ma kuna cikin waɗanda za a aika wa sammaci.

"Rabina, Rabina, kogi ya shiga tsakaninmu,
ni a wannan gaɓa, Rabina a waccan."

Da ita ake shigo da amarya zauren biki. Samarin da ba su iya tsara zance ba ita suke tura wa 'yan mata su huta. An rubuta ta a bayan motocin haya. Shekarar da ta fito kuwa, kowane lungu sai ka tarar an raɗa wa jaririya Rabi.

Kowa ya ce waƙar soyayya ce.

To, ku gyara zama.

Wanda ya rera ta sunansa Usaini. 'Yan biyu ne, shi da Hasan. Kwalekwale ɗaya suke tuƙawa, suna tsallakar da mutane ranar kasuwa.

Wata damina kogi ya cika ya batse, kwalekwalen ya kife.

Usaini ya fito.

Hasan, ko hularsa ba a gani ba.

Bayan sadakar arba'in Usaini ya shiga situdiyo ya juye abin da ke cinsa. Rabin da yake kira, rabin jikinsa ne, wanda suka kwanta ciki ɗaya.

Da hannunsa ya kai waƙar shagon Tanimu. A lokacin Tanimu ne sarkin masu tura waƙa a memori, layi ake yi a gaban kwamfutarsa. Waƙar da ba ta bi ta shagonsa ba, ta mutu tun ba ta yi rarrafe ba.

Sati biyu ba wanda ya tambaye ta. Wa zai cika wayarsa da makoki?

Sai kawai aka wayi gari sunanta ya sauya a wayoyin mutane:

"Rabina: Sirrin Usaini Da Rabi Matar Tela."

Rabin nan kuwa akwai ta. Maƙwabciyar su Usaini ce kafin ta auri wani tela a tsallaken kogi. Tsakaninta da Usaini ina kwana ne da lafiya lau. Amma kiɗa ya danne muryar, kunne ba ya rabe rabin abu da sunan mace, ga kuma kogi a tsakani. Zance ya zauna daram.

Kwana uku, waƙar ta karaɗe gari.

Telan ya zo wucewa ta majalisa, a rera masa. Masu kawo ɗinki su ajiye waya a kan kekensa su kunna, suna kallon fuskarsa.

Wata biyu ya daure, sannan ya miƙa wa Rabi takardarta, da 'yarta a goye.

Usaini ya bi gida-gida yana rantsuwa, yana cewa a saurari baiti na uku. Wa zai kai baiti na uku? Masu kiɗan biki amshin kawai suke juyawa, ana liƙi ana guɗa.

'Yan uwan telan suka tare shi a mashayar kogi, suka yi masa dukan da ya bar haƙora biyu a cikin yashi. Ya bar garin. Bai sake buɗe baki ya yi waƙa ba. Shekara shida da suka wuce aka aiko cewa ya rasu a can kudu, yana dako.

Waƙarsa kuwa tana nan tana shigo da amare.

Shekaranjiya da hantsi, wata mata ta yi sallama a shagon Tanimu. Yanzu waya yake sayarwa, kuma shi ne shugaban 'yan layin, Alhaji ake ce masa. Ya ga mace, ya karkata hula, ya gyara murya.

Ta ce, "Alhaji Tanimu, ni ce Rabi."

Ya ce, "Hajiya, ai Rabi sun yi yawa a garin nan. Wacce daga ciki?"

"Ta waƙa."



Ba ta zauna ba. A tsaye ta faɗi abin da ya kawo ta.

'Yar da ta fito da ita a goye, Hindatu, ta sami miji. An kai gaisuwa, saura sa rana. Sai baffannin yaron suka shiga bincike, aka ce musu ai uwar yarinyar ita ce Rabin waƙa. Suka janye. Da ƙyar aka roƙe su suka ce a kawo shaida kafin Juma'a, in babu kowa ya riƙe nasa.

Ta kunna musu baiti na uku da kanta:

"Tare muka zo, ka riga ni komawa."

Ta ce musu, ku ji fa, "ka riga ni" ya ce, bai ce "kin riga ni" ba. Babban baffan ya ce mawaƙa sun saba ɓad da sawu. In ba gaskiya ba ne, me ya kai sunanta jikin waƙar?

Ta dubi Tanimu.

"Kai Usaini ya fara kawo wa waƙar. Don girman Allah, da wane suna ya kawo maka ita?"

Tanimu ya dubi masu ciniki. Ya dubi 'yan layi da suka fara leƙowa. Ya dubi kansa a gilashin kanta, ya ga Alhaji guda, cikakken mutum.

Ya yi 'yar dariya.

"Haba Hajiya, shekara goma sha bakwai fa. Ni abin da na ci jiya ma ban riƙe ba."

Ta gyara mayafinta.

"Ka ji daɗi, Alhaji. Ni duk Asabar, ranar biki, da lasifika ake tuna min."

Ta ce Allah ya ba da kasuwa, ta fita.



Amma Tanimu bai manta ba.

Ya tuna ranar. Laraba ce, ana yayyafi, shago ba kowa. Ya tuna kalma ɗaya ce rak a jikin waƙar da Usaini ya kawo, ya kuma tuna Usaini ya faɗa masa ko don wa ya yi ta, yana share ido da hannun riga. Telan ya taɓa ɓata wa Tanimu wuyan wata babbar riga ana gobe Sallah, shi ke nan abin da ya haɗa su. Ya ce bari ya ɗan tsokane shi, waƙa ma ta samu ta motsa.

Minti ɗaya bai cika ba ya gama rubuta wa waƙar sabon suna. Har dariya ya yi shi kaɗai, yana yaba wa kansa basira.

Yatsan da ya yi wancan rubutun, shi ne yake danna muku wannan.

Darasi: Ƙaryar da ka ƙaga don a yi dariya, kai da yamma ka manta da ita. Wanda ka ɗora wa ita shi zai tsufa da ita, 'ya'yansa su gada. Kafin ka tura abu da sunan wani a jiki, ka saurare shi har ƙarshe.

Kada ku tsaya zagina a ƙasan rubutun nan, za ku samu lokacin wannan daga baya, shagon ma kun san shi. Yau Laraba. Ku tura shi duk inda hannunku ya kai, har ya faɗa wayar baffannin yaron nan kafin a sauko daga masallaci ranar Juma'a.

Ku ce musu Rabi ba ta yi komai ba. Ku ce Tanimu ya ce shi ne.