Tawadar da Ba Ta Jin Gumi

Laifina ne, na kuma amsa shi tun a ranar. Na rubuta wasiƙa da tawadar allo, wadda aka yi ta domin a wanke.

Wasiƙar ta maƙwabciyarmu ce a unguwar Misfala ta Makka, tsohuwa 'yar ƙasar Sakkwato, wadda ta zo aikin hajji da ƙuruciyarta ba ta koma ba. Ƙaninta na gida ya kurumce, waya ba ta yi masa amfani, kuma ajami kaɗai yake karantawa. Sun rabu da ɓacin rai, tana so ta nemi gafararsa tun tana da numfashi. Wani alhajin garinsu zai kai, motarsu za ta tashi daga tashar Kudai bayan kwana biyu.

Ta faɗa, na rubuta. Ta naɗe takardar ta riƙe a tafin hannu, ta tafi sallar azahar da ita cikin zafin Makka. Da la'asar ta dawo ta shimfiɗa mini ita. Gumi ya ratsa, baƙaƙen sun dame, layi ya hau layi. Bisimilla kawai ta tsira.

"Malam, wannan rubutu ne ko sawun kaji?"

"Inna, a yi mini afuwa. Zan sake."

"Halas, shi ke nan, ɗauko biro mu huta."

Na ƙi. Layin biro siriri ne, mutumin kuwa ya haura saba'in, idonsa sai da kaurin alƙalamin kara. Na ce mata yambari zan dafa, tawadar takarda, irin wadda malaminmu yake rubuta Alƙur'ani da ita. Rabona da haɗa ta tun ina saurayi.

Bagaruwa na samu wurin mai sayar da kayan ƙamshi, bayan na tuna cewa garad suke ce mata a nan. Ƙaro ina da shi. Ƙarfe mai tsatsa ne ya ba ni wuya, sai da na je har unguwar Shisha wurin wani kafinta ya tsinto mini tsofaffin ƙusoshi yana dariya. Tukunyar farko ta ƙone. Ta biyu ta fito fari-fari kamar ruwan shayi, na zaci ta lalace, amma na tuna haka take, sai ta sha iska take yin baƙi. Na yi bisimilla na rubuta, na bar ta ta bushe.

Da safe Inna ta karɓa. Ta tsoma yatsa a kofin ruwa ta murza a kan sunan ƙanin nata. Ta duba yatsan, ta duba takardar, ta sake murzawa.

"To, yalla, maza kira mana tasi."

Mun tarar ana loda jakunkuna a Kudai, muka miƙa wa alhajin wasiƙar. Bayan sati uku 'yar ƙanin nata ta aiko da saƙon murya: ya karanta da kansa, sau biyu, ya ce ya yafe, ita ma ta yafe masa.