Bokitin Ƙasar Ntoum

Ranar Talata, ƙarfe shida da rabi na safe, 'yata Rakiatou ta shimfiɗa tsofaffin jaridu a barandar gidanmu da ke unguwar Nkembo. Ta zuba ƙasa a kansu kashi goma sha biyu, kowane kashi da lambarsa a ɗan kati. Ƙasar gonar ayaba ce ta wata mata a garin Ntoum, Madam Loveth. Kwana biyu ta yi tana ɗibarta.

Aikinta ke nan tun da ta gama karatun noma. Takan raba gona gida-gida, ta ratsa kowane gida a karkace, ta kafa ƙarfen haƙa sau goma sha biyar, zurfin santimita ashirin, ta haɗa abin da ya fito a leda ɗaya. Bayan awo, manomi ya san inda zai zuba taki da inda zai bari.

Ƙarfe bakwai, tana ɗaura takalmi, ta ce, "Baba, a inuwa take bushewa. Don Allah kada a taɓa mini."

Na ce, "Wa zai saci ƙasa?"

Ta yi dariya ta fita.

Ƙarfe goma abokin karatuna, Dokta Saliou, ya bugo waya cewa zai zo da azahar. Shekara uku ina gaya masa 'yata tana aiki a ɗakin bincike, cikin farar riga. Ƙarfe goma sha ɗaya, mahaifiyarta Hawaou tana kasuwar Mont-Bouët, na ɗauki jaridun ɗaya bayan ɗaya na juye su a bokiti guda, na kai bayan kicin. Katunan na sa a aljihu. Shekara talatin na koyar da lissafi. Na san abin da nake ɓatawa.

Ƙarfe biyar Rakiatou ta dawo. Ta dubi barandar, ta je ta dubi bokitin.

"Baba, yanzu ba a san wacce ce ta ina ba."

"Ai ƙasa ƙasa ce," na ce.

Da muna cin abinci ta ce wa mahaifiyarta samfurin ƙasar bai isa ba, gobe za ta koma Ntoum. Ba ta kalle ni ba.

Laraba da safe motar hayar da ta shiga ta yi karo da babbar mota kafin Ntoum. Ta rasu tana da shekara ashirin da bakwai.

Hawaou ta ɗora laifin a kan Madam Loveth, wai ita ta matsa mata. Da matar ta zo ta'aziyya, Hawaou ta juya mata baya a gaban mutane. Ina zaune a wurin. Ban faɗi abin da na yi ba, har kwana arba'in.

Ranar da muka raba kayanta, tufafin suka tafi ga 'yan uwanta mata, littattafan ga wata abokiyar aikinta. Hawaou ta ɗauko bokitin za ta zubar. Na fito da katunan na ajiye a gabanta, na faɗa mata komai, da lokacin da na yi shi.

Ta daɗe tana kallonsu. Sannan ta ce, "Malam, sa takalminka. Da bakinka za ka gaya wa matar nan."

Mun kai wa Madam Loveth ƙarfen haƙan da taswirar gonarta. Bokitin na ce a bar mini. Yana baranda, inda kowane baƙo zai gan shi.